Masu rubutu tun ana samari: ina rubuce-rubucenku suke yanzu?

Ɗan 441:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka taso da ciwon rubutu ce, ba waɗanda aka buga wa littafi ba, irinmu dai masu rubuta wa kanmu abin da ya faru a unguwa da abin da ke cin mu a rai. Ni na fara a 2001, bayan abin da ya auku a filin ƙwallon Ankara (Accra, babban birnin Ghana) ranar 9 ga Mayu, wasan Hearts da Kotoko, inda sama da mutum 120 suka rasu. Unguwar Nima ta yi babban rashi a ranar. Ina sakandare lokacin, sai na juya bayan littafin lissafina na rubuta sunayen waɗanda na sani da gidajensu. Daga nan hannu ya saba. Yau ga mata ga 'ya'ya, ban kuma daina ba, sai dai abin ya warwatse: wani a littafi, wani a imel, wani a cikin wayoyin da suka mutu. Wa ya riƙe nasa tun ƙuruciya har yau, kuma ta wace hanya? Wanda nasa ya salwanta ma ya ba mu labari.

Tsohon mai kafe, Aboabo:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mutanen 9 ga Mayu, mu ma a Kumasi mun binne namu.

Ni na tsare kafe na intanet shekaru a Aboabo, don haka nawa rubutun a kwamfuta ya girma. Idan kwastomomi suka watse da dare, mai gida ya tafi, sai in zauna in buga abin da na gani ranar. Yawanci labarin ƙungiyar ƙwallon King Faisal ne da rigimar ƙwallo a wurin ataya, wani lokaci kuma waƙoƙin soyayya. Da farko a fulofi, faifan kwamfuta na da, nake ajiyewa. Yaran yanzu ba za su yarda ba, abin nan bai kai megabait 2 ba, hoto ɗaya na wayar yau ba zai shiga ba, amma rubutun wata guda yana ɗauka. Matsalarsa ƙura da zafi. Ka sa shi a aljihun baya ka hau trotro, motar haya, zuwa Kejetia, ka dawo kwamfuta ta ce ba ta san shi ba.

Sai na koma aika wa kaina imel kowane dare. Na ɗauka na tsira. Da na tafi Libiya neman kuɗi na daɗe ban buɗe ba, ina dawowa na tarar kamfanin ya rufe akwatin, komai ya tafi. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wanda na rubuta daren da Gyan ya zubar da fanareti a wasanmu da Uruguay a 2010. Na rubuta shi ina hawaye, kuma na san ban taɓa rubutu mai kyau kamarsa ba.

Ɗan 441:
Kai, Maigida, wannan ciwo ne. Ba ko ɗaya da ka taɓa tura wa wani aboki?

Tsohon mai kafe, Aboabo:
Waƙoƙin soyayyar kawai, su kuma wadda na tura wa ta auri wani. Ba zan je in yi sallama a ƙofar mijinta in ce a ba ni waƙoƙina ba.

Maman Hafsa, Madina:
Kafin masu cewa takarda ta fi su taso, bari in faɗi nawa. A Alajo muke zaune a 2015, kusa da rafin Odaw. Daren 3 ga Yuni, daren da gidan mai ya kama da wuta a Circle, ruwa ya shigo mana ɗaki har ƙugu. Mun fita da ranmu, alhamdu lillahi, don mutane da yawa ba su fita ba. Littattafaina tun na JSS suna cikin jakar Ghana-must-go a ƙarƙashin gado. Da ruwa ya janye na ɗauko su sun kumbura, sun manne, ga laka ga warin kwata.

Kwana da kwanaki ni da ƙanwata muna ɓamɓare shafi ɗaya-ɗaya da bakin wuƙar kicin, muna shanyawa a kan kwanon rufi, muna danne kowane da dutse. Abin da na lura: duk wanda na rubuta da biro ko fensir ya tsaya, ana karantawa ko da takardar ta yi ruwan ƙasa. Wanda na rubuta da alƙalamin tawada mai kala, irin wanda 'yan mata muke yayi, ya narke ya zama shuɗi da ja kawai. Kuma da shi na rubuta duk abin da na fi so, saboda a ganina a lokacin shi ne na ado.

Bayan haka na ɗauki hoton kowane shafi da ya tsira. Har yau da biro nake rubutu, amma littattafan suna saman wardirob cikin bokitin roba mai murfi.

Mai gyara, Tip Toe Lane:
Anti, sannu, Allah ya kiyaye gaba. Ni ba marubuci ba ne, amma a teburina irin wannan kukan yake ƙarewa, don haka ku ba ni dama.

Abin da na fi gani a 'yan shekarun nan ba wayar da ta faɗa ruwa ba ne, layi ne. Lokacin da aka ce kowa ya sake rajistar layinsa da Ghana Card, katin ɗan ƙasa, aka kuma rufe waɗanda ba a yi wa ba a ƙarshen Mayun 2023, mutane da yawa sun saki tsofaffin lambobinsu, ba su tuna da waccan lambar suka buɗe imel da sauran asusunsu ba. Ranar da mutum ya manta kalmar sirri, sai a tura lambar tabbatarwa zuwa layin da ba ya hannunsa. Nan ni ba abin da zan iya yi, ko nawa za ka ba ni.

Na biyu, memori da fendiraif ba ma'ajiya ba ne. Akwai na jabu da yawa a kasuwa, an rubuta gigabait 64 a jiki, cikinsa bai kai haka ba, yana cika sai ya riƙa taka na farko ba tare da ya gaya maka ba. Mai kyau ma idan ya daɗe a ajiye yana iya lalacewa. Kuma Google sun sanar tun 2023 cewa asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba suna iya share shi. Wanda yake da tsohon akwati ya shiga yau, ya duba wace lamba ce a ciki.

Hajiyar Sawaba:
Ku kuna kukan abin da ya ɓata, ni da hannuna na ƙona nawa, kuma ban yi nadama ba. Ana saura mako a kai ni, na kwashe su na kai bayan gida na cinna musu ashana. Gidan da za a kai ni gidan yawa ne, ga uwar miji ga matan 'yan'uwa ga yara masu bincike. Abin da yarinya 'yar 16 ta rubuta a kan samarin layinsu da faɗan da ta yi da kishiyar uwarta ba abin da za a tsinta a ɗakin amarya ba ne. Ku maza ba wanda zai ɗaga muku katifa.

Na ci gaba da rubutu, amma yanzu na san idan wani ya karanta ba zan ji kunya ba. Gaskiya kuma ya rage daɗi.

Maman Hafsa, Madina:
Hajiya, na fahimce ki sarai. Ni dai mijina ya karanta nawa suna shanye a kan rufi, ba yadda na iya. Har yau yana tsokana ta da wani ɗan Newtown.

Malam na Sabon Zango:
Hajiya, ba zan ce kin yi laifi ba, sirrinki ne. Amma ina roƙon na baya su tace kafin su ƙona. Cikin irin wannan rubutun akwai farashin kaya, akwai wanda ya yi limanci a wane masallaci, akwai shekarar da aka rushe wane gida. Ni a littafina na samartaka na ga nawa nake sayen koko da ƙosai kafin a canza kuɗi a 2007, lokacin da sidi 10,000 ya koma sidi 1. Da na nuna wa jikokina sun ɗauka attajiri ne ni.

Tarihin zangonninmu da irin haka aka san shi. Alhaji Umaru na Kete-Krachi ya rasu tun 1934, amma ana karanta abin da ya rubuta da Larabci da ajami, domin almajiransa sun yi ta kwafa da hannu suna ba wa juna. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta bi gidajen malamai tana tattara irin waɗannan takardu. Abin da ya cece su yawan kwafi ne a hannun mutane dabam-dabam. Nawa ma na yi fotokwafi na kai wa ƙanena a Tamale.

Ƙaramin cikinku, Asawase:
Baba Malam, ni tambayata da wane harshe kuke yi? Na fara da Turanci saboda shi aka koya min rubutawa. A makarantarmu Twi ake koyarwa, Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta sa a manhaja, duk da gidan rediyon ƙasa GBC na labarai da ita. To da Turanci nake ba da labarin gidanmu, amma idan na zo kan maganar kakata sai in ji ba ita ba ce. Yanzu ina cakuɗawa, maganar mutane da Hausarmu ta Zango yadda ta fito daga bakinsu, sauran da Turanci. Wani abokina ɗan Kano ya gani ya ce ƙa'idar rubutuna duk a karye take.

Malam na Sabon Zango:
Ɗana, da ajami na fara, don a makarantar allo na fara riƙe alƙalami, daga baya na koma boko. Rubuta yadda kakarka ta faɗa. Ɗan Kano ya rubuta tasa kakar.

Tsohon mai kafe, Aboabo:
Maganar nan ta sa na buɗe tsohuwar akwatin ƙarfena jiya, na tarar da fulofi guda biyu cikin ambulan, ban san me ke ciki ba. Mai gyara, akwai sauran inda ake karanta su?

Mai gyara, Tip Toe Lane:
Akwai na'urarsa da ake jonawa ta USB, ina da ɗaya a shago. Kada ka buɗe marfin ƙarfen, kada ka hura masa iska, kada ka ajiye shi kusa da lasifika saboda maganaɗisu. Naɗe su a takarda ka ba direban Kumasi da ka yarda da shi, tashar motarku ba ta da nisa da mu a Circle. Ban yi maka alkawarin za su buɗe ba, Maigida. In kuma waƙoƙin nan ne a ciki, sai na karanta kafin in turo.