Wai Mozart ne ciko?

Ɗan Garmaho: Salamu alaikum 'yan zaure. Da takaici na kwana jiya, ku bari in amayar. Na tsinci wani faifai a shagon gwanjo, tarin tsofaffin waƙoƙin wata mawaƙiya mai zazzaƙar murya, an buɗe shi da Waƙoƙin Ƙarshe Huɗu na Richard Strauss. Na kashe fitila, na kishingiɗa. Aka zo ta huɗun, Im Abendrot, wadda tsoho da tsohuwa ke tsaye suna kallon faɗuwar rana, har ake tambaya ko wannan ita ce mutuwar. Kiɗa ya yi ƙasa, sarewa biyu na kwaikwayon kukan tsuntsaye can nesa, ni kuma ko numfashin kirki ba na yi. Ban gama haɗiye yawu ba sai ga Zerlina ta Don Giovanni, operar Mozart, ta faɗo mini ɗaki, tana lallashin angonta wai ya doke ta ya huce. Haba jama'a! Daga maƙabarta sai gidan biki? Magana ɗaya ce: waƙoƙin Strauss ɗin minti ashirin da 'yan kai ne, faifan CD kuma na cin sama da minti saba'in, shi ya sa 'yan kasuwa ke kwaso Mozart su yi ciko da shi. A raba su, kowa ya tsaya a faifansa.

Uwar Zaure: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, duk na ji kukanka, amma wa ka kira ciko?

Ɗan Garmaho: Hajiya, ba shi na kira ba, abin da aka yi da shi na faɗa.

Uwar Zaure: Ai ɗaya ne. Ciko shi ne abin da ake cusa wa matashin kai. Mutumin da ya rubuta operar Figaro yana da shekara 30, ya bar duniya yana da 35 a 1791, shi za ka haɗa da tsummokara?

Na-Leipzig: Hajiya, a yi masa adalci, ciko ba zagi ba ne. Har haƙori ana yi wa ciko, kuma da tsada.

Malam Nahawu: A'a, mu gyara. Ciko daban, gyara daban, ƙari daban. Gyara ita ce wadda mai awo ke ɗora maka bayan mudu ya cika, don ka dawo gobe. Ciko kuwa sai an sami giɓi. Idan faifan nan sunan mawaƙiyar ne a gabansa, to babu giɓi, muryarta aka sayar maka, kuma ka same ta. Abin da ya samu gyara ce.

Ɗan Garmaho: Malam, gyarar da ta fi awo yawa ai ta zama wani abu.

Sabon Shiga: Don Allah ku yi haƙuri da ni, wannan Strauss ɗin ba shi ne mai kiɗan rawar nan ta kogin Danube ba? In shi ne ai sun dace da Mozart, duk 'yan nishaɗi ne.

Na-Leipzig: Wancan Johann ne, mutumin Viyana. Wannan Richard ne, haifaffen Munich a 1864. Ko dangin nesa ba su haɗa ba, suna ne ya zo ɗaya.

Sabon Shiga: Na gode Yaya. Na koma gefe.

Baba Mai Allura: Yaran nan kuna ba ni dariya. Da a ce Strauss zai tashi ya ji an ce a raba shi da Mozart, da shi zai fara ɗaga wa Ɗan Garmaho sanda. Mutumin nan duk rayuwarsa Mozart ne gwaninsa. Yana cikin waɗanda suka kafa bikin kiɗa na Salzburg a 1920, garin da aka haifi Mozart. Operar Mozart Così fan tutte da mutanen zamanin Strauss suka raina, shi ya dinga jagorantar ta har kunnuwa suka dawo kanta. A 1931 ya zauna ya sake wa Idomeneo ta Mozart fasali aka nuna a Viyana. Ku dubi operarsa Rosenkavalier ta 1911, saurayin ciki, Octavian, mace ce ke hawa matsayinsa, kamar dai Cherubino a Figaro. Matar babban hafsan nan da ke kallon madubi tana jin shekaru na tafiya, ai ka ce ƙanwar matar hakimin Figaro ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Muryar da ta iya ɗaya ita ce ke iya ɗayar. Numfashi mai tsawo, sauti a miƙe kamar zare, ba ihu. Shi ya sa mawaƙa irin su Lisa della Casa da Elisabeth Schwarzkopf da Gundula Janowitz da Kiri Te Kanawa duk da mutanen nan biyu suka yi suna. Ina da faifan garmaho na Schwarzkopf da madugun makaɗa George Szell na 1968, da makaɗan Landan, gefe ɗaya Mozart, gefe ɗaya waƙoƙin Strauss. Szell ɗan talla ne da zai yi ciko?

Ɗan Garmaho: Baba, ranka ya daɗe, kai ka kawo mini hujja da hannunka. Gefe ɗaya, gefe ɗaya. Sai ka tashi, ka ɗaga allura, ka juya faifai, ka hure ƙura. Wannan tashin shi ne hutun kunne. Ni daƙiƙa uku aka ba ni.

Malam Nahawu: Kuma Baba, da neman afuwa, abin da ke faifan nan naka ba waƙoƙin opera ba ne. Na dandalin kiɗa ne, waɗanda ake rerawa a tsaye ba kayan wasa. Wadda Alfred Brendel ya kaɗa wa fiyano, Ch'io mi scordi di te, Mozart ya rubuta ta ne a ƙarshen 1786 don mawaƙiya Nancy Storace da za ta bar Viyana. Ba ta cikin kowace opera.

Baba Mai Allura: Storace ɗin wace ce in ba Susanna ta farko a Figaro ba? Kuma kalmomin daga ina aka ɗauko su in ba daga gyararriyar Idomeneo ba? Vado, ma dove da ke kan faifan ai don a saka ta cikin operar Martín y Soler aka yi ta.

Uwar Zaure: To kun ji. Saka waƙa cikin operar wani.

Na-Leipzig: Wato ciko ke nan, Hajiya.

Uwar Zaure: Kai dai Allah ya shirye ka.

Na-Leipzig: Ni duk wannan bai dame ni ba. Wanda ya sayi faifan da ba na Jessye Norman ba shi ya jawo wa kansa. Ita da madugu Kurt Masur da makaɗan Gewandhaus na Leipzig, 1983. Ba ta haɗa da kowa ba, Strauss ne daga farko har ƙarshe. Im Abendrot ɗinta ta kusa minti goma, kuma ba inda numfashi ya gaza. In gogen nan ya gama kukansa a waƙa ta uku, Beim Schlafengehen, ta ɗauka daga inda ya ajiye, tsigar jikina tashi take, ko a jirgin ƙasa nake.

Baba Mai Allura: Minti goma! Rana ce za ta faɗi ko azumin bazara ne? Masur ya ja abin nan kamar mai jan raƙumi a yashi. Ka je ka ji della Casa da Karl Böhm, 1953, ka ji yadda ake tafiya ba jan ƙafa.

Na-Leipzig: Baba, kai duk abin da ba ya ƙarar allura ba ka yarda da shi.

Baba Mai Allura: Kai kuma don kana zaune a garin ne. Da a Hamburg ka sami aiki da wani faifan za ka yaba.

'Yar Goge: Ni tambayata ga masu yabon Schwarzkopf, kun manta ta shiga jam'iyyar Nazi? Ina jin muryar, ina tuna wannan, sai abin ya fita raina.

Uwar Zaure: 'Yata, in haka ne sai ki fasa faifan Strauss ɗin ma. Shi ne shugaban hukumar kiɗa ta gwamnatin Hitler daga 1933 zuwa 1935.

'Yar Goge: Cire shi suka yi, Mama, bayan 'yan sandan ciki sun kama wasiƙarsa zuwa ga marubuci Bayahude Stefan Zweig. Kuma matar ɗansa Bayahudiya ce, jikokinsa yake karewa.

Baba Mai Allura: Kowa da uzurin gwaninsa.

'Yar Goge: Baba, uzuri daban, katin jam'iyya daban.

Mai Kula da Zaure: A bar siyasa don Allah. Kiɗa ya tara mu.

Malam Nahawu: Tunda an dawo, akwai wata kalma da ta tsaya mini tun farko. Ƙarshe. Ɗan Garmaho ya gina kukansa kan cewa waƙoƙin nan wasiyya ce, ba a magana bayanta. To Strauss bai sa musu wannan suna ba. Ernst Roth na kamfanin da ke buga ayyukansa ne ya haɗa su ya raɗa musu suna, ya kuma jera su, bayan rasuwarsa a Satumban 1949. Im Abendrot da kake kira rufewa ita ya fara gamawa a 1948, waƙar September ce ta zo daga baya. Ranar da Kirsten Flagstad ta fara rera su a Landan, 22 ga Mayu 1950, da Furtwängler, jerin ma ba irin na yau ba ne. Sannan akwai waƙar Malven, da ya rubuta wa mawaƙiya Maria Jeritza a Nuwamban 1948, ta ɓoye abinta, sai 1985 Kiri Te Kanawa ta rera ta a bainar jama'a. Ashe shi kansa ya yi magana bayan wasiyyar.

Ɗan Garmaho: Malam, ko a wane jeri, da Im Abendrot Flagstad ta rufe.

Malam Nahawu: Wannan gaskiya ne.

Na-Leipzig: A rubuta ranar nan, Malam ya ce wani ya yi gaskiya.

Sabon Shiga: Ni fa har yanzu ban gane ba, na'urar ba ta da maɓallin tsayarwa ne?

Ɗan Garmaho: Ƙanena, mutum yana kwance cikin duhu ido a rufe, ka ce ya yi gadin maɓalli?

Uwar Zaure: Mu da muka taso da kaset, in mai ɗauka ya ga gefen baya ya rage sai ya zuba maka abin da ke kusa da hannunsa, ba mu mutu ba. Amma ko shi ba ya kiran babban mawaƙi ciko a gabanka. Ka janye kalmar kawai.

Ɗan Garmaho: Hajiya, na janye. Na mayar da ita cushe.

Uwar Zaure: Innalillahi. Mai Kula, kana gani ko?

Mai Kula da Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in tattara. Zaure ya amince cewa Mozart ba ciko ba ne, kuma mai maganar ya janye. An tabbatar, kamar yadda Baba ya yi bayani mai gamsarwa, cewa haɗa Strauss da Mozart tsohuwar al'ada ce ta manya. An kuma fahimci cewa ɗaukar da aka yi a da ta fi ta baya natsuwa, musamman ta Schwarzkopf da Szell ta 1965 a Berlin, wadda ni dai ban taɓa jin kamarta ba. Masu son Norman an ji ra'ayinsu. Maganar siyasa ba ta cikin lissafi. Na rufe.

Na-Leipzig: Wa ya ambaci ta 1965 a nan in ba kai ba?

'Yar Goge: Kuma yaushe aka amince? Ni ban ga an ƙirga hannu ba.

Ɗan Garmaho: Ni dai tambayata tana nan inda na ajiye ta. Da Zerlina aka fara, aka rufe da faɗuwar rana, da ban buɗe baki ba. Baba, faifan nan naka, wane gefe ne na ɗaya?

Baba Mai Allura: Yana cikin akwati a saman sif, kuma gwiwa ba ta hawa kujera da dare. Sai da safe.