Taura biyu ba ta taunuwa: da wa ake?

Ɗan Gulbi: Assalamu alaikum. Jiya bayan isha'i mahaifina ya kira ni zaure ya ce, "Taura biyu ba ta taunuwa." Bai ƙara komi ba, amma na san inda ya dosa. Da safe ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, da marece ina wajen maƙeri muna gyaran wani murhu mai tsimin itace da na ƙirƙiro, Asabar da Lahadi ina ƙauyuka wajen sassaben zamani, wato raya tohon kututture a gona maimakon sare shi, dare kuma ina rubuta littafi kan itatuwan gonakinmu. Maganar ta hana ni barci. Wai karin maganar nan hani ce ga mutum ya riƙe sana'a fiye da ɗaya?

Inna ta Tibiri: Ɗana, ka taɓa sa taura a baki kuwa? Ƙwallon ya cika kunci, zarenta na shiga tsakanin haƙora, ɗan garin nan kore sai ka yi ta juya ta da harshe kafin ka same shi. Ɗaya ma aiki ce. To maganar baki ɗaya ake, lokaci ɗaya. Ba wanda ya ce in ka gama ta farko ka tofar da ƙwallon kada ka ɗauki wata.

Malamin Hausa: Inna ta yi gaskiya. Ana faɗarta ne in abu biyu kowanne na neman mutum gaba ɗayansa, kamar yarinyar da aka haɗa wa talla da karatu. Bakin da ya yi ta kuma shi ya ce gida biyu maganin gobara. Kakanninmu da damina suna gona, da rani wani na maƙera, wani na fatauci zuwa Katsina, wani na saƙa. Ba a taɓa kiransu makwaɗaita ba.

Alhaji na babbar kasuwa: Malam, kada ku ɗaure wa yaro gindi. Kakannin sun jira kaka ta wuce kafin su kunna zugazugi. Shi duka huɗun ya tusa a mako guda. Ni na gwada, shago da gona da safarar albasa. Shekara guda ciyawa ta cinye gyaɗar, albasar ta ruɓe a hanya, yaron shago ya yi abin da ya ga dama. Dattijo ya ga abin da ɗansa bai gani ba.

Manomi daga Agye: Ni sassaben ya jawo ni nan. Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya, ya zo Maraɗi farkon shekarun 1980 yana dashen itatuwa, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 ya tsaya rage iskar tayar mota saboda rairayi, ya duba wani ɗan tsiro a bakin hanya, sai ya ga ashe tohon kututture ne, saiwar na nan da rai a ƙasa. Bayan yunwar 1984 manoma suka fara barin tohon a gonaki, ga shi yau ana maganar hekta miliyan 5 a Nijar. Mutumin ya yi aikin gona, ya zama mai ba ƙasashe shawara, ya rubuta littafi. A 2018 aka ba shi kyautar Right Livelihood tare da Yakuba Sawadogo na Burkina Faso, mai ramukan zai, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwa da taki. Wannan taura nawa ke nan, Alhaji?

Alhaji na babbar kasuwa: Ɗaya. Kai ka kawo min hujja da kanka. Shekaru ya yi a kan kututture kafin ya ɗauki alƙalami. Yakuba ma kasuwa ya bari ya koma gona.

Manomi daga Agye: To ai na yaron ma itace ne duka. Murhun don a rage sara, sassaben don a raya, littafin don kada a manta. Amma akwai inda na bi ku. Kututturen sabara ko kalgo yakan fito da toho ashirin. In na bar su duka, ba wanda zai wuce gwiwa, akuya ta gama da su. Ina durƙusawa da lauje mai kaifi in zaɓi uku ko biyar masu ƙarfi, in sare sauran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Wanda na sare yau, baɗi yana iya sake fitowa.

Ɗan Gulbi: Na gode, iyayena. Da asuba na koma na tambayi Baba. Ashe lakwal ke damunsa. Ya ji takardun yara sun yi kwana goma a jakata ban gyara ba, kuma gaskiya ne. Murhun zan bar wa maƙerin har a yi hutu. Littafin ma ina ganin in ajiye shi.

Manomi daga Agye: Murhu zai jira, littafin kada ka ajiye. A garinmu tsofaffi biyu suka rage da suka san kowane icce da sunansa da maganinsa, ɗaya idonsa ya tafi. Ka zo ranar Asabar da takardarka, zan kai ka gidansu bayan azahar.