Kiren ya karkata da lodi a wajen aikinmu, laifin wa ke nan?

Sabon_Lebura:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu aiki da kiren (motar ɗaga kaya masu nauyi) da katafila ku taimaka min. Jiya ana sauke janareta daga tirela, kiren ɗin mai tan 25 ne janaretan ko tan 8 bai kai ba, amma direba na juyawa sai ɗaya daga ƙafafun ƙarfen da ke tallafe kiren ɗin ta nutse motar ta karkata lodin ya yi lilo ya matse abokina da jikin kwantena. Karaya biyu a ƙafa, takalmin ma sai yanka shi aka yi. Wlh har yanzu jikina rawa yake. Oga na cewa gangancin yaron da lodin ya matse ne, to wai ya tan 8 zai rinjayi tan 25?

Tsohon_Direba:
Allah ya ba shi lafiya. Ɗana, tan 25 ɗin nan sai in lodin yana dab da mota hannun kiren ɗin kuma a gajarce, kana miƙa hannun ƙarfin na raguwa, shi ya sa ake liƙa takardar lodi a gaban direba. Kuma in an juya nauyin kan taru kan ƙafa guda, dole a fitar da ƙafafun duka har ƙarshe a shimfiɗa musu katako mai kauri. Ƙasar wajen ciko ce?

Sabon_Lebura:
Ciko ce baba, bulo kawai aka tura a ƙarƙashi.

Mai_Hular_Kwano:
Innalillahi, bulo? Ai rugujewa yake. Gsky ba laifin yaron ba ne, wa ya kewaye wajen da igiya, wa ke yi wa direba alama da hannu? Mutum ɗaya ake sawa ba kowa na ihu ba, kuma lodi da doguwar igiya ake sarrafa shi daga nesa ba a kama shi da hannu. Ka ɗau hoton ramin da bulon yau kafin a share, ku sa a rubuta rahoto.

Malam_Injiniya:
Ku ƙara da iska da wayar wuta. Ƙugiyar da ta faɗo a Harami a 2015 iska ce mai ƙarfi ta kada ta, mutum 111 suka rasu. Waya kuwa in hannun ya taɓa ta, direba ya zauna ciki, na ƙasa kar ya taɓa mota ko sarƙa har a yanke wutar.

Sabon_Lebura:
Na gode sosai. Na ɗau hotunan, gobe kafin a tada mota zan sami foman kan maganar katakon, in ba a kawo ba ni dai ba zan ɗaura sarƙa ba.