Injin 350 na ƙwanƙwasa da zarar turbo ya ɗauka, ina mafita?

Salam 'yan uwa, don Allah masu ilimin injin ku taimaka min, wallahi abin ya tsaya min a rai. Chevrolet Nova ce ta 1972 mai injin 350, wato lita 5.7, matsin silindarsa na asali 8.5:1 ne shi ya sa na ga zai ɗauki turbo. Na ɗora masa guda ɗaya da kafireta Holley 650 wadda turbo ke hura iska ta cikinta, a silo lafiya lau yake amma da zarar bus, wato matsin iskar da turbo ke turawa, ya kai psi 7 sai ya fara ƙwanƙwasa, na ja taimin, wato lokacin tartsatsin filogi, baya na sa fetur mai oktan 93 duk da haka bai daina ba, kuma filogi suna fitowa fari fat.

To ƙarancin mai ne, ko zafin iska tunda ban sa intakula mai sanyaya iskar turbo ba? Famfon man na asali ne, anya yana iya ture matsin turbo kuwa?

Babban tsorona fistin, na asali ne ba foji masu jure matsi ba, kuma ban buɗe gibin ringi ba. In sauke injin yanzu in canza su ko in fara da famfo da regileta mai daidaita matsin mai? Ba na so in fasa bulok ɗin nan.