"Kyan ɗa ya gaji ubansa": har da gabar da ya bari?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum. Jiya da daddare muka yi sa-in-sa da yayana, har yanzu abin bai sake ni ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu ba sa ga-maciji da ƙanensa, shekara 11 ko gaisuwa ba ta haɗa su, a kan wani fili. Yanzu baffan namu yana kwance rai a hannun Allah, na ce zan je in duba shi. Yaya ya ce in na taka ƙofar gidan nan na ci amanar Baba, ya rufe bakina da "kyan ɗa ya gaji ubansa". Na rasa ta cewa. Don Allah, gadon da ake nufi har da gaba?

Mai Allo: Wa alaikumus salam. Ƙanena, yayanka ya ɗora wa karin maganar kayan da ba nata ba. Ko dukiya ba a raba ta sai an fitar da bashi da wasiyya, Suratun Nisa'i ta faɗa a aya ta 11 da ta 12. Yanke zumunci bashi ne a wuyan mamaci, ɗan kirki biya yake yi.

Baban Khalifa: Malam, a yi wa yayan adalci. Shi ne babba, ƙila ya ga hawayen mahaifinsu a lokacin da auta ke goye. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ba mu san me aka yi wa marigayin ba.

Uwar Biyu: Ku ba ni dama in kawo labarin kakata ta wajen uba, don tun da na ga tambayar ita ce a raina.

Kakanmu ya haɗa jari da wani na jikinsa sosai, suka yi shekaru suna juyawa tare. Rana ɗaya mutumin ya rantse cewa dukiyar duk tasa ce, kakanmu yaron aiki ne kawai. Babu takarda, shaidu biyun da suka sani ɗaya ya mutu, ɗaya ya yi gum. Kakanmu bai ƙara shekara biyu ba ya rasu, ya bar ta da yara biyar, babanmu ne babba, yana ɗan shekara tara.

To, kaka ta san mutumin sarai. Amma har ta koma ga Allah ba ta taɓa furta sunansa ba. Babanmu ya girma, ya yi ƙarfi, ya tsare ta da tambaya ba sau ɗaya ba, har ya taɓa wata uku bai shiga ɗakinta ba don fushi. Ta ƙi. Dangin da suka san zancen ma ta bi su ɗai-ɗai ta roƙe su su rufe baki.

Ni ce na yi jinyarta. Wani dare na ce, "Kaka, kin yafe masa ke nan?" Ta kalle ni ta ce, "Wa ya ce miki? Ban yafe ba, ina jiransa a gaban Allah. Amma wannan shari'ata ce. Ubanki maraya ne, ba zan haɗa masa maraici da abokin gaba ba." Sai ta juya bango. Har yau ina jin muryar.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne, wataƙila jikokin mutumin nan muna gaisawa da su, wataƙila ma an yi auratayya. Babanmu kuma har ya tsufa yana cewa an hana shi haƙƙinsa na sani. Ina son kakata, ina kuma jin zafin da ya ji.

Baƙon Dare: Allah ya kai rahama kabarinta. Amma Hajiya, ni ina bayan mahaifinki. Da na gaba ake gane zurfin ruwa. In ta ɓoye sunan, ta ɓoye ramin, gobe jikanta zai iya haɗa jari da jikan wancan.

Uwar Biyu: Ramin ba ta ɓoye ba, Yaya. Duk 'ya'yanta ba wanda ke ba da ko karɓar komai ba rubutu da shaida, haka muka taso muka gani. Sunan kaɗai ta binne.

Sarkin Tsokana: Ni fa na ga waɗanda suka fi kowa riƙo da wannan karin maganar, su ne masu manyan riguna. Uba ya sauka daga kujera, ɗa ya hau, suruki yana ɗumama wata a gefe. Kyan ɗa ya gaji ubansa, kyan talaka ya gaji layin zaɓe!

Baban Khalifa: Kai dai ba ka rabo da tsiya. Amma ka bar rabin zancen: su gaji kujera, jikokinmu su gaji bashin da aka ciwo da sunansu tun ba a haife su ba.

Mai Lissafi: Wannan ba wasa ba ne. A 1825 Faransa ta ɗora wa Haiti diyyar faran (kuɗin Faransa na lokacin) miliyan 150 kafin ta amince da 'yancinta, sai a 1947 aka gama biyan basussukan da abin ya haifar. Birtaniya ta ware fam miliyan 20 a dokar hana bauta ta 1833 don biyan masu bayi diyya, ban da bayin kansu, kuma sai a 2015 aka rufe bashin da ya haɗa da wannan kuɗin. Mutanen da suka ƙarasa biya ko kakanninsu ba su ga ranar sa hannu ba. A ɗaya gefen, Norway ta kafa asusun kuɗin man fetur a 1990 don waɗanda ba su zo duniya ba tukuna. Duka gado ne.

Sarkin Tsokana: A ba wa namu irin wannan asusun, kafin la'asar sun kafa kwamitin binciken inda ya shiga.

Mai Allo: Mu dawo kan yaron nan, jama'a. A Suratul Kahfi an tsare wa marayu biyu taskarsu a ƙarƙashin bango saboda ubansu salihi ne. Alherin uba yana bin ɗa. Laifi kuwa, babu rai mai ɗaukar nauyin wani.

Baƙon Dare: Wannan a lahira ne, Malam. A duniya kam ɗa yana ɗauka, ka tambayi wanda ubansa ya ɓata suna. Kuma abin yana komawa baya ma, ai ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa. In auta ya je, mutane za su ce 'ya'yan marigayi sun yarda ubansu ne mai laifi. Ina jin wannan ne ke cin yayan.

Gwaggon Yara: Ni ban taɓa jin an yi wannan karin maganar a kan faɗa ba. A kan sana'a da hali nake jin ta, kamar dai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kuma me ya sa kullum ɗa da uba? Ga tsohuwa nan ta yanke wa zuriya guda hukunci ita kaɗai, ba karin maganar da ta ambace ta.

Ɗan Auta: Na gode muku. Baƙon Dare, ka taɓo wurin, haka Yaya ya ce, wai zuwana tamkar sa hannu ne cewa Baba ya yi zalunci. Akwai kuma abin da ban faɗa ba: 'yata ta fari ajinsu ɗaya da jikar baffan, kullum tare suke dawowa, ba su san komai ba. Hajiya Uwar Biyu, lokacin da mahaifinki ya yi wata ukun nan bai shiga ɗakinta ba, wa ya fara neman wani?

Uwar Biyu: Ita ce. Ta aika aka ce masa ba ta da lafiya, alhali ƙalau take. Sauran sai na sallami yara makaranta.