Muhawara: Wai gudun jirgin sama yana rage wa mutum nauyi?

Ɗalibi: Jama'a, an ce fasinjojin Concorde, jirgin nan mai gudu fiye da sauti da ya daina aiki a 2003, nauyinsu yakan ragu in jirgin ya nufi gabas. Ni dai ban yarda ba. An koya mana cewa gudu komai yawansa jiki ba ya jin sa, sai in ana ƙara shi, ko ana rage shi, ko an sha kwana.

Makaniki: Gaskiyarka ƙanena. Matuƙin jirgin yaƙi yakan ji nauyinsa ya ninka sau 9 a kwana mai tsanani, har jini ya bar kansa ya ga duhu. Ko jirgin fasinja in ya karkata digiri 60 yana juyawa, nauyi ninki biyu ake ji. Amma in tafiya miƙe take, ba komai.

Malama: To ai nan gizo ke saƙar. Wa ya ce muku tafiyar miƙe take? Duniya dunƙulalliya ce. Jirgin da ya tsaya a tsayi ɗaya, lanƙwasar duniya yake bi, wato kwana yake sha a hankali, kamar mota ta haye tudu da gudu ka ji cikinka ya yi sakayau.

Ɗalibi: Malama, in haka ne me ya kawo gabas da yamma a ciki?

Malama: Duniya da kanta gabas take juyawa, kimanin kilomita 1,670 a awa a layin Ikwaita, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu. Concorde a zamaninsa yakan yi wajen 2,180. In ya yi gabas sai a haɗa su, 3,850 ke nan. In ya yi yamma a debe, saura 510 kacal. Ga kuma tsayin kilomita 18 da yake tashi, wanda ke rage ƙarfin jan ƙasa da kusan rabin kashi ɗaya cikin 100. A kan Ikwaita, mai kilo 70 da ya nufi gabas, sikeli zai nuna ya ragu da kusan kilo ɗaya da rabi. Tsakanin New York da Landan ragin bai kai haka ba, don juyin duniya bai kai haka sauri ba a can. Masanin nan ɗan Hungary, Eötvös, tun farkon ƙarni na 20 ya gano haka a awon da aka yi cikin jiragen ruwa.

Makaniki: Haba Malama, kilo ɗaya da rabi shi ne abin faɗa? Kuma ai naman jikinsa na nan, bai rame ba.

Malama: Ban ce ya rame ba, Yaya. Dannawar da yake yi wa kujera ce ta ragu. Ka ƙara gudun zuwa kilomita 28,000 a awa, sikelin zai koma sifiri. Halin da 'yan sama-jannati ke ciki ke nan a tsayin kilomita 400, alhali jan ƙasa a wurin yana nan kusan kashi 90 cikin 100.

Makaniki: Lissafin na yarda da shi. Amma kar wani ya ɗauka jirgin ya samu sauƙi. Iska ce babbar abokiyar gaba a wannan gudun. A lokacin da yake aiki, hancin Concorde yakan kai digiri 127 na Celsius don zafi, gangar jikinsa ta miƙe da kusan santimita 20. Wannan ne ke hana injiniya barci, ba kilo ɗayanki ba.

Ɗalibi: To mai zuwa yamma fa, nauyi yake ƙarawa?

Malama: Juyin duniya na ƙara masa ɗan kaɗan, tsayin kuma na rage masa fiye da haka. Ɗauko biro ka lissafa mana, mu ga ko ka gane.