Wuta ta ɗauke kwana biyu, kifayena suna haki a saman ruwa

Mai tambaya (Rijiyar Zaki): Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da kwamin siminti a tsakar gida, tsawo mita 2, faɗi mita 1 da rabi, zurfi mita 1, wato kusan lita 3,000. Akwai karfasa 40 da kifin ado 'yan kaɗan. Transfomar unguwarmu ta lalace, famfon ruwa da na iska duk sun tsaya. Da asuba sai in tarar da su a sama suna buɗe baki. Don Allah me zan yi kafin a gyara?

Baban Ilham: Wa alaikumus salam. Malam, daina ba su abinci daga yanzu. Kifin da ya ci ya fi buƙatar oksijin, ragowar abinci da kashi kuma suna ruɓewa su cinye wanda ya rage. Lafiyayyen kifi zai yi kwana uku ko huɗu bai ci ba, ba abin da zai same shi. Sannan a motsa saman ruwan, don ta nan iska ke shiga. Ɗebi bokiti daga kwamin, ɗaga shi zuwa ƙirji, ka zubo da ƙarfi ya yi kumfa. Minti goma a kowace awa, musamman daga ƙarfe biyun dare zuwa fitowar rana.

Hajiya Mai Lambu: Ƙanena, ba banza kake ganinsu da asuba ba. Gansakukar da ke sa ruwa kore tana ba da oksijin da rana, da dare kuma ita ma shaƙa take yi, shi ya sa ƙarshen dare ne lokacin haɗari. Ga zafi: ruwa mai digiri 20 yana riƙe oksijin kusan miligiram 9 a lita, mai digiri 30 bai fi 7 da rabi ba. A bazarar Kano dole ka yi wa rabin kwamin rumfa da zana, amma kada ka rufe shi ruf da leda. Da tarwaɗa ce da sauƙi, tana iya shaƙar iska daga sama. Kifin adon nan su za su fara galabaita.

In za ka sauya ruwa, kashi ɗaya cikin biyar ya isa. Ruwan bohol yana fitowa da ƙarancin oksijin, don haka ka danne bakin tiyo da yatsa ya fita a feshe. Na famfo kuwa a bar shi ya kwana a buɗaɗɗen duro saboda kulorin.

Injiniya: Bokiti na daren yau ne kawai. Gobe ka shiga Sabon Gari ka nemi famfon iska mai aiki da batir 12V, kamar wat 15, da siririn tiyo da dutsen kumfa biyu (wanda ake sa wa a bakin tiyo cikin ruwa ya fasa iska ta zama ƙananan kumfa). Lissafin: batir 100Ah na da wat-awa 1,200, amma rabi ake ja don kada ya mutu da wuri. Raba 600 da 15, awa 40 ke nan. Faifan sola na wat 100 da kwantirola (na'urar daidaita caji) zai riƙa mayar masa da caji kullum.

Ɗora famfon sama da matakin ruwa, ko ka sa bawul mai hana komawa, in ba haka ba da ya tsaya ruwa zai iya bin tiyo ya shiga cikinsa. In janareto ka kunna, nisanta salansarsa daga famfon, don hayaƙin zai zuƙa ya tura wa kifi.

Baban Ilham: Ƙari ɗaya, Malam. Filta, wato matatar ruwan kwami, in ta tsaya kwana biyu ruwan cikinta ya ruɓe. Kafin ka kunna in wuta ta dawo, zubar da shi a lambu, ka ɗauraye soson da ruwan kwami. Abinci kuma a fara da rabin yadda aka saba har sati guda.